Yadda ake samo masu jawabi da tsara musu rana a taron wata-wata na 'yan kwamfuta a Kano

Wata Asabar mun share ɗakin taro, mun jera kujeru, mun zuba wa janareta mai, jama'a sun fara shigowa ana ta gaisawa. Saura kwata a fara sai wayata ta yi ƙara. Baƙon da zai yi mana jawabi ne. Ya ce, "Malam, don Allah a yi haƙuri, wallahi na sha'afa, ashe yau ne ɗaurin auren ƙanin maiɗakina, yanzu haka muna hanyar Gaya." Ban ga laifinsa ba. Wata guda cif ke nan rabona da shi, tun ranar da ya ce mini in sha Allahu zai zo. Ban sake kiransa ba, ban aika masa ranar a rubuce ba, ban kuma tanadi kowa a madadinsa ba. Mutane sun biya kuɗin adaidaita sahu daga Hotoro, daga Kurna, daga Sharaɗa, suka zauna suna kallon farin bango. Da wata ya zagayo, da yawansu ba su dawo ba.

Tun daga ranar na ɗauki neman masu jawabi a matsayin aiki mai zaman kansa, mai littafinsa da lokutansa. Ƙungiyar masu harkar kwamfuta, ko ta masu rubuta manhaja ce, ko ta masu amfani da Linux, wato tsarin da ke gudanar da kwamfuta kamar Windows, ko ta gama-gari da kowa ke zuwa da matsalarsa, abin da ke riƙe ta shi ne mutum ya tabbata in ya baro gida zai tarar da wanda zai ƙaru da shi. Kano kuwa cike take da masu irin wannan ilimi, yawancinsu dai babu wanda ya taɓa takawa ya roƙe su. Ga yadda muke yi, bi da bi.

Ku fara tsayar da rana

Kafin ka tunkari kowa, ka san ranar da za ka ambata masa. Ƙungiyar da ke jiran sai ta samu baƙo sannan ta sa rana, a hankali taron wata-wata zai koma taron sai-an-samu. Ku zaɓi rana ɗaya da ba ta motsi, misali Asabar ta biyu a kowane wata, har ta zauna a kan kowa ba sai an tuna masa ba.

Ku guji Asabar ɗin ƙarshen wata idan da safe za ku yi, domin ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10. Juma'a ba ta da sarari. Safiyar Asabar da Lahadi kuma lokacin ɗaurin aure ne, kuma babu laccar da za ta hana Bakano zuwa ɗaurin auren ɗan'uwansa. Bayan la'asar yana da daɗi, sai dai lokacin gajere ne, musamman a Nuwamba da Disamba da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 6, ga shi mata da ɗalibai masu zuwa daga nesa suna son magariba ta riske su a gida. Mu dai mun tsaya a kan ƙarfe 2 na rana zuwa la'asar. A yi sallah tare, mai sauri ya wuce, mai son hira ya zauna.

Daga nan sai ku ɗauko kalanda ku bi shekarar gaba ɗaya da biro. Azumi da Sallah suna matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka jadawalin bara ba zai yi muku aiki bana ba. A goman ƙarshe na azumi kada ku sa taro. Makon Sallah ma haka, ga ziyarce-ziyarce, ga hawa da kan sa a rufe hanyoyin cikin birni. Ku duba lokacin jarrabawar manyan makarantu idan ɗalibai suka fi yawa a cikinku. Agusta ruwa na iya ɓallewa ana dab da farawa, don haka ba watan da za a ɗauko baƙo daga nesa ba ne. A tsakiyar hunturu hazo kan jinkirta saukar jirage a filin Malam Aminu Kano. A Afrilu kuwa, idan ɗakin ba shi da isasshiyar iska, zafi zai kori hankalin mutane kafin a kai rabin jawabi.

Mutum ɗaya da littafi ɗaya

A damƙa aikin a hannun mutum ɗaya, a ba shi mataimaki. Idan aka ce aikin kwamiti ne, kowa zai zaci wani ya kira baƙon. Wanda aka zaɓa ya zama mai yawan jama'a, mai ɗaga waya, wanda ba ya jin nauyin a ce masa a'a.

Ya buɗe littafi, ko na takarda ko shafin Google Sheets da shi da mataimakinsa za su iya buɗewa. Kowane suna ya zo da abubuwa shida: abin da mutumin ya iya, inda yake aiki, wanda ya san shi a cikinmu, harshen da ya fi sakin jiki da shi, ranar da aka yi masa magana ta ƙarshe, da amsar da ya bayar. Gurbin nan na "wa ya san shi" shi ne mafi tsada a littafin, domin a garin nan ƙofar da ɗan'uwa ko tsohon ɗalibi ya ƙwanƙwasa ta fi saurin buɗewa. Lambobin wayar mutane kuma amana ce, kada a zuba su a zauren WhatsApp na ƙungiya.

Kafin a fara cika littafin, a ji ta bakin 'yan ƙungiya. A ƙarshen taro a raba 'yan guntayen takardu, kowa ya rubuta abu ɗaya da ya gagare shi a watan nan. Tambaya a bainar jama'a ba ta fito da gaskiya, don kowa zai ambaci babban abu kada a raina shi. A takarda ne za ka ga wani ya rubuta cewa an sace masa shafin Facebook, wata ta ce tana son ta iya lissafin shagonta da Excel, wani ya ce ya gina manhaja amma bai san yadda zai karɓi kuɗi ta cikinta ba. Waɗannan takardu su ne za su nuna maka ƙofar da za ka nufa.

Inda ake samun su

Fara da kujerun da ke gabanka. A kowace ƙungiya akwai mai zama a baya shiru, wanda in an tashi sai ka ga mutum uku sun kewaye shi da kwamfutocinsu. Wannan mai jawabi ne da bai san kansa ba. Kada ka ce masa ya yi lacca. Ka ce masa, abin nan da ka nuna wa wane ɗazu, ka nuna wa kowa a minti goma wata mai zuwa. Rabin jadawalin shekara yana iya fitowa daga cikin gida, kuma ɗan gida ba ya buƙatar kuɗin mota mai yawa, ba ya ɓata hanya.

Sai kasuwa. Na fi son in daɗe a nan, domin nan ne ƙungiyoyi suka fi yin sakaci. Kasuwar waya ta Farm Centre da ta titin Beirut suna da masu gyara da hannunsu ya taɓa wayoyi da kwamfutoci fiye da yadda wani ɗakin gwaji na makaranta zai taɓa gani. Akwai wani matashi da na zauna a bencin shagonsa kusan awa guda ina kallon aikinsa. Fitila a kansa, madubin ƙara girma a gabansa, ya buɗe bayan wata waya da ta faɗa bokiti, ya cire batir kafin komai, ya ɗauki ɗan buroshi yana wanke tsatsar da ta fara kama injin. Bai ɗago ba yake ce wa mai wayar, "Hajiya, da ba ki sa ta a caji ba da ba ta kai haka ba. Shinkafar nan da ake turbuɗa waya a ciki ba ta fitar da ruwan da ya shige ƙasan injin." Da na gayyace shi sai ya ajiye buroshin ya ce, "Oga, ni fa ban yi boko mai nisa ba, me zan faɗa wa 'yan jami'a?" Na ce masa ba sai ya faɗi komai ba, ya zo da kayan aikinsa da matacciyar waya ɗaya ya yi abin da ya saba, mu za mu ɗora kyamara a kan teburin mu haska wa mutane a bango. Ranar har aka kira la'asar ba a gama yi masa tambaya ba.

Irinsa suna da yawa. Masu haɗa sola da inbata sun san abin da ke kashe batir da abin da ke ƙona cajar kwamfuta. Yaran manyan shagunan Kantin Kwari da Singa wasunsu suna riƙe lissafin kaya na miliyoyi a kwamfuta, sun san inda manhajar da aka sayo ta kasa fahimtar cinikin bashi da na dillalai. Masu tace finafinai da ke wajen titin Zoo sun ƙware a kan adana manyan fayiloli da ceto aikin da ya ɓata. Masu kula da cibiyoyin da ake rubuta jarrabawar JAMB sun san yadda ake haɗa kwamfutoci sama da ɗari a layi ɗaya su yi aiki tare ba tare da an tsaya ba. Masu POS kuwa, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sun ga kowace irin dabarar 'yan damfara da idonsu.

Makarantu su ne wurin da kowa ke fara tunawa, kuma da gaskiyarsu. Akwai tsangayar kwamfuta a Jami'ar Bayero, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, akwai Kano Poly, akwai reshen Digital Bridge Institute. Shawarata ita ce kada ka tsaya a kan manyan malamai kaɗai, domin lokacinsu a cunkushe yake da tarurruka. Nemi ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke tsakiyar bincike, da ma'aikatan da ke kula da intanet ɗin makarantar. Su ne abin yake hannunsu da ɗuminsa, kuma suna murna idan aka ba su wurin da za su gwada bayani kafin su tsaya gaban malamansu.

Ka kuma riƙa halartar tarurrukan wasu. Cibiyar CITAD, da Startup Kano, da ƙungiyar masu manhaja ta GDG, da masu rubuta Wikipedia ta Hausa, duk sukan tara mutane a garin nan. Je da littafinka, ka saurari wanda ya iya bayani, ka kula da wanda ya yi tambaya mai ma'ana daga cikin masu sauraro, in an tashi ka bi shi ku gaisa. Ka tuna da 'yan Kano da ke aiki a Legas da Abuja da ƙasashen waje, waɗanda ke dawowa gida hutu. Idan ka ji labarin zuwansu da wuri, taron da ke kusa da Sallah zai iya samun baƙon da ba za ku iya biya masa kuɗin jirgi ba.

Game da mata, sai an tashi tsaye. Idan aka bar abin ya tafi yadda ya ga dama, za a shekara babu mace ɗaya da ta tsaya a gaba, alhali suna nan a bankuna, a asibitoci, a jami'o'i, a kamfanonin sadarwa. A ɗora wa wata 'yar ƙungiya ta kai gayyatar, a faɗa wa baƙuwar lokacin tashi tun farko, a bar ta ta zo da 'yar rakiya in tana so. Duk watan da mace ta yi jawabi, za ka ga kujerun mata sun fi cika a wata na gaba.

Kai gayyata

Zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda yake cikin gari, je ka same shi a wurin aikinsa, tare da wanda ya san shi in da hali. Ku gaisa sosai, ka faɗi ko ku su waye, sannan ka faɗi dalilin da ya sa shi ka zaɓa. Cewa "mun ji kai ƙwararre ne" ba ta motsa kowa. Cewa "mun ji yadda kuka dawo da bayanan ofishinku bayan kwamfutar ta ƙone, mutanenmu suna son su ji yadda aka yi" ita ke sa mutum ya gyara zama.

Ka ba shi rana biyu ya zaɓa, kada ka tambaye shi yaushe yake da sarari, domin amsar ita ce "zan duba". Ka faɗa masa gaskiyar adadinku. In ku ashirin ne ka ce ashirin, kada ya zo yana tsammanin ɗakin taro maƙil ya tarar da layi biyu. Maganar kuɗi ma a yi ta tun a zaman farko: ba ma biyan kuɗin lacca, amma akwai kuɗin mota da ruwan sha. Wanda zai ƙi saboda haka gara ya ƙi yanzu.

A al'adarmu mutum yana jin kunyar ya ce maka a'a ido da ido, saboda haka sai ka iya rarrabe amsoshi. Wanda ya ce in sha Allahu sannan ya ɗauko waya ya duba ranar, ya tambaye ka ƙarfe nawa, ya tambayi su wa za su zo, wannan ya karɓa. Wanda ya ce "ba damuwa, za mu yi waya" bai tambayi komai ba, ka rubuta shi a littafi a matsayin wanda ba a gama da shi ba, kada ka sa sunansa a sanarwa.

A ranar, kafin ka kwanta, ka aika masa a rubuce. Ga irin abin da nake turawa:

"Assalamu alaikum Injiniya, mun gode da karɓar da aka yi mana ɗazu. Kamar yadda muka yi magana, taron zai kasance Asabar ta biyu ga watan gobe, ƙarfe 2 na rana zuwa la'asar. Jawabinka minti 40 ne, tambayoyi minti 20. Masu zuwa yawanci ɗalibai ne da masu ƙananan sana'o'i, kuma da Hausa muke yi, ana haɗawa da Turanci inda ya kama. Akwai majigi da janareta. Don Allah a tabbatar mana idan ranar ta yi, sannan a turo mana taken jawabin da hoto ɗaya na sanarwa. Allah ya saka da alheri."

Malamin jami'a ko ma'aikacin hukuma sau da yawa yana buƙatar wasiƙa mai ɗauke da sunan ƙungiya da sa hannun shugaba, don ya nuna wa na gaba da shi. Ku tanadi irinta, a kai ta da hannu aƙalla mako huɗu kafin ranar.

Rage wa maudu'i faɗi

Yawancin jawaban da suka gundiri mutane tun a wajen zaɓen take aka ɓata su. Baƙo zai ce zai yi magana a kan tsaron intanet, ko a kan ƙirƙirarriyar basira. Wannan kogi ne, minti 40 ba za su ƙetare shi ba, ƙarshenta a ɓige da ma'anoni da tarihi. Zauna da shi, ko a waya, ka tambaye shi: in mutum ya tashi daga taron nan, me zai iya yi da hannunsa wanda da bai iya ba? Daga wannan tambayar tsaron intanet zai koma "yadda ake kulle WhatsApp da mataki biyu, da abin yi in an riga an ƙwace shi". Ƙirƙirarriyar basira za ta koma "mun gwada fassarar na'ura da jimlolin Hausa, ga inda ta dace, ga inda ta kauce". Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 za ta koma "abin da ya hau kan mai makaranta ko mai asibiti da ke ajiye bayanan mutane".

Ka gaya masa matsayin masu sauraro ba tare da ɓoye-ɓoye ba, da cewa da yawansu waya ce kawai a hannunsu. Misalin da ba zai yiwu a gwada a wayar Android ba zai wuce ta saman kan rabin ɗakin.

Akwai waɗanda za su kawo kansu da kansu, kuma a nan ake buƙatar taka-tsantsan. Mai neman mutanen da za su zuba kuɗi a wata harkar kirifto, mai kasuwancin kawo-mutum-biyu, mai tallar kwas, ɗan siyasar da ke neman taron matasa. Amanar da mutane suka ba ƙungiya ita suke so su ara. Ƙa'idarmu a rubuce take: ba a karɓar kuɗi ko lambar waya a ɗakin taro, kuma mai kamfani zai iya ambaton hajarsa a minti biyun ƙarshe bayan ya koyar da abin da zai amfani wanda ba zai saya ba. Ka karanta wa kowane baƙo wannan tun kafin ya amsa, babba ne ko yaro, don kada wani ya ga kamar shi aka tsarga.

Jadawalin wata uku

Kada ka yi ƙoƙarin cika shekara da sunaye, alƙawarin wata takwas ba ya riƙuwa. Wata uku ya isa. Na wannan watan an gama da shi har an fitar da sanarwa. Na watan gobe ya tabbatar a rubuce. Na wata na uku kuma mutum biyu ake magana da su, duk wanda ya riga tabbatarwa ya ɗauka, ɗayan a matsa da shi gaba. Duk ranar da aka tashi daga taro, jadawalin ya matsa da wata ɗaya.

A riƙa sassaɓawa. In a wannan watan an sha lissafi da rubutun manhaja, wata mai zuwa a kawo abin da za a taɓa da hannu. Wasu ranaku na shekara kuma suna kawo maudu'i da kansu. Ranar harshen uwa, 21 ga Fabrairu, da Ranar Hausa, 26 ga Agusta, sun dace da zama a kan rubuta ɓ da ɗ da ƙ a waya da kwamfuta, ko a kan Wikipedia ta Hausa. Alhamis ta huɗu a Afrilu ranar 'yan mata a fasahar sadarwa ce. Asabar ta uku a Satumba ranar manhajoji masu 'yanci ce, ta 'yan Linux. Oktoba kuwa watan wayar da kai kan tsaron intanet ne.

Bibiya har ya shigo ɗaki

Saura mako biyu ka fitar da sanarwa mai hotonsa da sunansa, ka fara tura masa kafin kowa. Mutumin da ya ga hotonsa yana yawo a wayoyin abokansa da wuya ya fasa. Saura mako ɗaya ka kira shi da murya, ka tambaye shi kai tsaye ko akwai biki ko tafiya da ta faɗo a ranar. Saura kwana uku ka karɓi abin da zai haska, a mayar da shi PDF, a ajiye kwafi a filashi da kuma wata kwamfutar. Daren taron ka tura masa kwatance irin namu, da sunan masallaci ko gidan mai da ke kusa, tare da lambar wanda zai tare shi a bakin titi.

Ka tambaye shi irin kwamfutarsa. Tsofaffin majigi da mahaɗin VGA suke aiki, na yanzu da HDMI, sababbin kwamfutoci da yawa kuma ba su da ko ɗaya sai USB-C. Ƙungiya ta mallaki mahaɗan nan nata na kanta, a ajiye su a jaka ɗaya da doguwar wayar wuta. Duk abin da zai nuna ta intanet ya ɗauki hotonsa ko bidiyonsa tun a gida, don sabis na iya yankewa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. A tayar da janareta a gwada kafin mutane su zo, a tabbatar ƙararsa ba ta danne murya ba.

Tare da duk wannan, wata rana baƙo ba zai zo ba. Rasuwa na faruwa, rashin lafiya na faruwa. Saboda haka a kowane lokaci a samu 'yan gida uku na ko-ta-kwana, kowanne da jawabin minti goma a aljihunsa. In su ma ba su samu ba, a mayar da zaman asibitin kwamfuta: kowa ya fito da matsalarsa, a rarrabu gida-gida a warware. Taro dai kada a soke shi.

Wanda zai yi magana daga nesa ta Zoom ko Google Meet, a roƙe shi ya naɗi jawabin ya turo tun da wuri, a haska shi daga kwamfuta, sannan ya shigo kai tsaye don amsa tambayoyi kawai. In layi ya yanke ba a yi asarar komai ba sai tambayoyin, su ma ana iya tura masa. A rubuta masa lokaci da agogon Najeriya da nasa. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Malesiya da awa 7, Ingila kuwa daidai muke da ita a lokacin zafinsu, muna gabanta da awa 1 a lokacin sanyinsu.

Ranar taron da bayanta

Mutum ɗaya ya zama ba shi da aiki sai baƙo: ya tare shi, ya ba shi ruwa, ya haɗa masa kwamfuta, ya nuna masa wurin alwala. A fara a kan lokaci ko da mutum goma ne suka zo, domin in aka saba jiran a cika, masu zuwa da wuri za su koyi makara. Gabatarwa ta zama gajeriya, a tambaye shi tun kafin a fara yadda yake so a kira shi, Dakta ne, Injiniya ne, Malama ce.

Tsayar da babba idan ya zarce lokaci abu ne mai nauyi a wurinmu, kuma bai kamata yaro ya katse dattijo a gaban jama'a ba. Mafita ita ce a yi yarjejeniya tun a waje: "Ranka ya daɗe, in saura minti biyar zan ɗaga wannan takardar daga baya, don a samu lokacin tambayoyi kafin sallah." Da yake shi ya amince, babu wanda zai ji an ci masa fuska. A tanadi tambaya ɗaya ko biyu a hannun 'yan gida don su buɗe hanya, a kuma karɓi tambayoyi a rubuce daga masu jin nauyin ɗaga hannu.

Kuɗin mota a sa shi a ambulan, a miƙa a keɓe lokacin rakiya. Wasu za su mayar, a karɓa a yi godiya, kada a yi ta ja-in-ja a bakin ƙofa. Washegari a tura masa hotunan taron da abu ɗaya takamaimai da wani ya ce ya ƙaru da shi. Wanda yake buƙatar takardar godiya don fayil ɗinsa na aiki a rubuta masa cikin makon. A littafi kuma a rubuta gaskiyar yadda ta kaya: ya zo a kan lokaci, an fahimce shi, ya dace a sake kiransa bayan shekara ko a'a.

Lokacin rakiyar nan, kafin ya hau abin hawansa, nake yin tambayar da ta fi cika mini littafi. Nakan ce, "Cikin abokan aikinka, wa kake ganin zai iya yi mana irin wannan?" Mai gyaran wayar nan na Farm Centre ya ɗan yi shiru, ya ce akwai wata baiwar Allah da ke koya wa matan unguwarsu gyaran waya a cikin gida, kuma akwai maigidansa da ya koya masa aiki, wanda ya fi shi sanin allon kwamfuta nesa ba kusa ba. Na ce ya kira mini maigidan a take. Muna tsaye a bakin titi ya danna kiran, ya gaishe shi, ya miƙo mini wayar.